Yadda Doguwar Mace Za Ta Zaɓi Bargon Sauna Mai Infirared Da Zai Rufe Ta Daga Kafaɗa Har Yatsun Ƙafa

Sauna ɗaki ne mai zafi da ake shiga don a yi zufa. Bargon sauna kuwa doguwar jaka ce ta fatar roba da aka jera siraran wayoyin zafi a cikin rufinta. Za ki jona shi da wuta, ki shiga ki kwanta rigingine, ki ja zif har wuya, kanki yana waje. Kafin minti 20 zufa ta fara karyo miki. Babu tururi a cikinsa irin na sirace. Zafin busasshe ne, shi ake kira infirared, wanda kike ji a fuska idan kin matsa kusa da garwashi ko da iskar wurin da sanyinta. Ya yi tashe sosai a Amurka da Turai da Ostireliya, inda kamfanoni irin su HigherDOSE da MiHIGH suka yi suna da shi, sannan masana'antun Sin sun cika kasuwannin intanet da ire-irensa masu sauƙin kuɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancinsu awo ɗaya ake yanka su: tsawon santimita 180, wato inci 71. Mai sayarwa zai rubuta miki cewa yana yi wa kowa, kuma ga mai matsakaicin tsayi gaskiya ya faɗa. Amma macen da ta kai santimita 175 zuwa sama, ita ce za ta iya shiga ta tarar ko dai yatsunta sun tokare gindin jakar, ko kafaɗunta suna waje suna shan iska. Abin haushin kuma, sai kaya ya ƙetaro teku, an biya kuɗin kago, sannan za ta gane. Don haka aikin duka kafin biyan kuɗi ake yin sa, kuma da tef ake farawa.

Ki auna kanki a kwance

Tsayin da aka auna miki a tsaye a asibiti ba shi ne lambar da ake nema a nan ba. Kai ba ya shiga bargon, wannan ya rage miki. Ƙafa kuwa a kwance ta fi cin wuri a kan a tsaye, wannan ya ƙara miki. Lambar da ke jikin kwali ba ta san da ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ki nemo tef da alli, da wadda za ta riƙe miki. Tef ɗin tela yawanci a santimita 150 yake ƙarewa, ba zai kai ba, saboda haka ko ki ari na kafinta, ko a yi alama a ƙasa a auna shi gaɓa biyu. Ki sa irin kayan da za ki riƙa shiga bargon da su, wato dogon wando na auduga, riga mai dogon hannu, da safa mai kauri. Da kaya ake shiga, domin cikin bargon yana zafin da zai iya ƙona fata, kuma kayan suna cin nasu wurin.

Ki kwanta rigingine a ƙasa mai tauri, ba a katifa ba. Ki saki jiki, ki bar ƙafafun su faɗi yadda suka so, kada ki riƙe su. A yi alama ɗaya a gindin wuya, inda kafaɗa ta haɗu da shi, a yi ta biyu a diddige, a yi ta uku a inda babban yatsa ya kai idan kin miƙe ƙafar gaba. Daga alamar farko zuwa ta uku, shi ne tsawon da ƙasan bargon zai ɗauka.

Akwai awo na biyu da mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi faɗin gaskiya. Ki ɗauko zanin gado, a cusa bakinsa ƙarƙashin diddigenki, a ɗago shi ya haye kan yatsu, a ja shi bisa gwiwa da ciki da ƙirji har ya taɓa maƙogwaro, ba tare da an ɗaure shi tamau ba. A riƙe wurin da yatsa, ki tashi, a auna zanin. Za ki ga ya fi awon ƙasa tsawo, domin ya hau tudun yatsu ya sauka, ya sake hawa na ƙirji. Wannan ita ce tafiyar da rufin saman bargon zai yi, kuma a nan ne dogayen mata ke shan kunya: ƙasan ya isa, saman ya tsaya a ƙirji.

A ce tsayinki ƙafa 6 ne, santimita 183, kina sa takalmi lamba 43. Daga gindin wuya zuwa diddige za ki samu wajen santimita 153 zuwa 155. Tafin ƙafa mai lamba 43 ya kai santimita 27. Idan yatsun suna kallon sama, rufin sai ya haye wannan tudun. Idan sun miƙe gaba, sun ƙara miki tsawo da santimita 10 zuwa 15. Ko ta ina kika bi, kin doshi 170. Ki ɗora santimita 10 na sarari don kada ki riƙa dannan ɗinkin ƙarshe, kin kai 180. Wato cif-cif da tsawon bargon daga waje, alhali ɗinki da ninkin baki sun riga sun yanki rabonsu. Mai dogon wuya ta ɗan ci riba a nan, tunda nata tsayin a waje zai kwana, mai manyan ƙafafu kuma ita ce a wahale.

Sai faɗi. A zagaya tef a kafaɗunki hannuwanki suna gefe, a sake zagayawa a ƙugu hannuwan suna kwance a gefensa, tunda su ma ciki za su shiga. Ki ɗauki wanda ya fi girma a cikin biyun, ki ƙara masa santimita 20 zuwa 25. Ƙasa da haka za ki ji kamar an naɗe ki, ba za ki iya ko sosa hanci ba. Ki rubuta lambobin nan uku a waya: awon ƙasa, awon sama, da zagaye.

Lambobin mai sayarwa

Bargo ɗaya tsawo uku ne da shi. Akwai tsawonsa daga waje, shi ake rubutawa a talla saboda shi ya fi girma. Akwai tsawon ciki, inda jiki ke zama. Akwai kuma tsawon wurin da wayoyin zafi suka kai, wanda ya fi su duka gajarta, domin ba a kai waya har bakin ɗinki. Gajeriyar mace ba ruwanta da bambancin, a tsakiyar zafin take kwance. Doguwa kuwa a bakin-bakin take, ƙafa a wani bakin, kafaɗa a ɗayan, daidai wuraren da zafin ya fi rauni. Za ki iya shiga bargo ya rufe ki sarai, amma ki gama minti 40 tafin ƙafarki bai ji komai ba.

A wasu samfuran ma, santimita 180 ɗin ya haɗa har da leɓen da aka bari a sama don ɗora kai. Ki dubi hoton bargon a rufe da kyau. Idan kin ga shimfiɗar ƙasa ta zarce rufin sama kamar matashi, to ki sani an cire miki santimita 20 ko fiye daga abin da zai rufe jiki.

Faɗin ma akwai siddabaru a ciki. Wani zai rubuta 180 da 180, yana nufin a buɗe. Idan aka ninke shi ya koma 90 a kwance, in kuma baki yana hawa kan baki ya ragu ƙasa da haka. Wani zai rubuta 180 da 80, yana nufin a rufe, zagayen cikinsa bai kai 160 ba ke nan. Akwai masu ninki uku irin na gidajen gyaran jiki, 180 da 220, waɗanda suka fi yalwa a faɗi amma tsawon yana nan yadda yake. Kada 220 ɗin ya ruɗe ki, ba tsawo ba ne.

Shafukan Amurka da inci suke awo. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ƙafa 5 da inci 9 ita ce 175, ƙafa 5 da inci 11 ita ce 180, ƙafa 6 kuma 183. Bargo mai inci 75 ya kai santimita 190, kuma irinsa ne ya kamata ki fara nema. A ganina, wadda ba ta wuce 172 ba za ta iya sayen na gama-gari hankali kwance. Daga 173 zuwa 180 sai an yi tambaya an tabbatar. Wadda ta haura 180 kuwa kada ma ta tsaya ɓata lokaci a kan mai 180, ta nemi 190 zuwa sama.

Maganar da ake rubutawa ta cewa yana ɗaukar mutum har mai ƙafa 6 da inci kaza, ki ɗauke ta a matsayin talla. Ba a faɗa miki ko kafaɗun mutumin na ciki ba, ko gwiwarsa a lanƙwashe take. Ki tura wa mai sayarwa saƙo gajere, ki ba shi lambobinki, ki tambaye shi abu huɗu: tsawon ciki daga ɗinkin ƙafa zuwa bakin wuya, tsawon wurin da ke zafi, zagayen ciki idan an rufe zif, da faɗin wurin ƙafa. Ki roƙe shi hoton tef a shimfiɗe cikin bargon. Wanda ya san kayansa zai amsa da lambobi. Wanda ya ce kada ki damu zai yi miki, ki bar masa kayansa.

Kafin ki rufe shafin, ki shiga ra'ayoyin waɗanda suka saya, ki bincika lambobin tsayi irin su 5'11 ko 6'0 ko 180. Dogaye ba sa shiru idan abu ya gaje musu, kuma maganar mutum ɗaya mai tsayinki ta fi taurari biyar na mutum ɗari da ba ki san tsayinsu ba.

Ɗinki da siffa

Ki dubi wurin ƙafa kafin komai. Wasu barguna suna tsukewa zuwa ƙasa, wasu kuma faɗinsu ɗaya daga sama har ƙasa. Mai tsukewa yana tilasta wa yatsu su miƙe gaba, ya ƙara cinye tsawon da dama bai isa ba. Mai faɗi ɗaya yana bari ki buɗe ƙafafu su kwanta gefe, wanda shi kaɗai zai iya dawo miki da santimita da yawa. Idan akwai wanda zif ɗinsa ya zagayo har gindi yana buɗuwa ta wurin ƙafa, wannan mafita ce ranar da kika matsu, ko da yake zafi zai riƙa fita ta nan.

Rufewa iri biyu ce, zif ko Velcro, wato mannen nan mai ƙara irin na takalmin yara. Velcro yana ba ki damar sassautawa a kafaɗa ki tsuke a ƙugu, abin da zif ba ya yi. Aibinsa shi ne yana kama gashi da zaren tawul, yana kuma sakin ƙarfi idan ya kwana biyu. Zif ya fi riƙe zafi da tsafta, amma zagayensa ƙayyadajje ne, abin da aka ɗinka shi za ki samu. Idan zif kika zaɓa, ki tabbatar yana da hannu ta ciki, yadda za ki iya buɗe kanki ba sai kin kira wani ba. Wannan ba ƙawa ba ce, ranar da jiri ya ɗebe ki za ki so ki fita cikin daƙiƙa biyu.

Masu ramin hannu ko hannun riga suna da daɗi ga mai son riƙe waya ko littafi, sai dai ga doguwar mace tarko ne. An yanka ramukan a inda kafaɗar mai matsakaicin tsayi ke faɗawa. Ke kuwa idan kin daidaita hannu da ramin, ƙafa ta rasa wuri, idan kin daidaita ƙafa, ramin ya sauko ƙasa da hamata. In dai ba a ba ki nisan da ke tsakanin ramin da gindin bargon ba kin gwada da awonki, ki ɗauki marar rami. Haka zancen yake ga masu sassan zafi biyu ko uku da ake saita kowanne daban, sama da tsakiya da ƙafa. Ba a jikinki aka raba iyakokin ba, amma duk da haka ina ganin amfaninsu, tunda za ki iya ƙara wa sashen ƙafa wuta ki rage wa na ciki.

Wasu bargunan suna zuwa da duwatsu a jere a ciki, ana yi musu kirari iri-iri. Abin da na tabbatar suna yi shi ne ƙara nauyi, da sa bargon ya yi tauri ya ƙi bin siffar jiki. Bargo mai kyau dama yakan kai kilo 7 zuwa 10, kuma da kilo ake biyan kago.

Jakar tawul da ake sakawa ciki ita ma a tambayi tsawonta. Sau da yawa ta fi bargon gajarta, auduga kuma tana komawa bayan wankin farko. Ba lallai ki saya ba. Ki kai wa tela manyan tawul ko yadin auduga mai kauri ya ɗinka miki jaka daidai awonki, ya fi araha ya kuma fi dacewa.

Wutar lantarki

A nan ne kuɗi ke ƙonewa a zahiri. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Najeriya da Gana 230, ta Nijar da Kamaru da Chadi 220. Bargon da aka yi don Amurka idan kin jona shi kai-tsaye a Kano ko Maraɗi, akwatin sarrafa shi zai tafi nan take. Ɗan adaftan nan da ke sauya bakin filogi ba ya rage ƙarfin wuta, siffa kawai yake canjawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki sayi samfurin Ingila idan kina Najeriya ko Gana, filoginsa mai ƙafa uku masu kusurwa shi ne na soket ɗinmu. Mai zaune a Nijar ko Kamaru ko Chadi ta nemi na Turai mai zagayayyun ƙafafu. Idan dole sai na Amurka, to sai da taransifoma mai sauke wuta, kuma ƙarfinta ya ninka na bargon: mai wat 500 a nema masa ta wat 1,000.

Yawancinsu suna cin wat 350 zuwa 600, mai tsawo kuma yakan kusanci na sama. A mita ba wani abin tashin hankali ba ne, mai wat 500 a minti 45 bai kai rabin yunit ba. Amma batirin inbata ba ya son kayan zafi, ƙaramin janareta kuma zai ɗauka ne kawai idan ba a haɗa shi da firji ko dutsen guga ba. Ki jona shi a soket na bango mai kyau. Ekstenshin ɗin nan mai siririyar waya da ake sayarwa a bakin titi ba wurinsa ba ne. Ki lura kuma da inda wayar akwatin sarrafawa ta fito daga jikin bargon, da tsawonta. Idan ta gindi ta fito kuma gajeriya ce, hannunki ba zai kai gare ta ba kina kwance.

Alamomin inganci, da alƙawuran talla

Ki nemi alamar gwajin lafiyar kayan wuta: CE na Turai, UKCA na Birtaniya, ETL ko UL na Amurka. Ana buga alamar jabu, gaskiya ne, amma wanda bai damu ya nuna ko ɗaya ba ya gaya miki matsayinsa. Dole ya kasance yana da agogon da ke kashe shi da kansa, mafi yawa a minti 60, da abin da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Hukumar CPSC ta Amurka, mai sa ido kan haɗarin kayan da ake sayar wa jama'a, tana wallafa sunayen kayan da aka janye daga kasuwa, kuma an taɓa janye bargon sauna saboda yana zafin da ke ƙona mutane. Ki rubuta sunan samfurin a shafinta ki gani, minti biyu ne. Araha ba ta ado, balle a abin da za ki shiga ki rufe kanki cikinsa jiƙe da zufa yana jone da wuta.

Mafi zafinsu yakan kai digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Selshiyos. Idan kin ga 158 ko 176, ma'aunin Amurka ne, su ne 70 da 80 ɗin. Kada ki biya ƙarin kuɗi don lambar sama, da wuya ki taɓa kai wa can.

Game da abin da aka ce yana yi, a rage buri. Yana sa zufa, yana ɗumama jiki, yana sassauta tsoka, mutane da yawa suna jin daɗin barci bayansa. Nauyin da sikeli zai nuna ya ragu bayan kin fito ruwa ne, zai dawo da kin sha. Fitar da dattin jiki kuma aikin hanta da ƙoda ne. Binciken da masu talla ke yawan jingina da shi, wanda aka wallafa a 2015 daga yankin Kuopio na ƙasar Finland, an yi shi ne a kan maza 2,315 masu shiga ɗakin sauna na gargajiya. Babu mace a cikinsu, babu bargo.

Waɗanda za su dakata

Mai ciki ba ta shiga, ko da cikin ƙarami ne. Mai jego ma ta jira har likita ya sallame ta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar bayan haihuwa da yawan zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa, don haka ba zafi ne mai jego ta rasa ba. Mai sikila ta nisance shi sai da izinin likitanta, domin ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da ciwon. Haka mai ciwon zuciya ko na ƙoda, mai shan maganin hawan jini musamman mai sa yawan fitsari, mai yawan jiri, da mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji. Mai ciwon suga da ƙafarta ta fara mutuwa tana iya ƙonewa ba ta ji ba. Waɗannan tambayoyi ne na kafin saye, ba na bayan kaya ya iso ba.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da azumi a baki ba a shiga. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, jiki ya riga ya zubar da ruwan da zai zubar. Da hunturu ne za ki ci moriyar kuɗinki.

Ranar da ya iso

Kamfanoni da yawa suna ba da damar mayar da kaya cikin kwana 30, amma mayar da kilo 9 daga nan zuwa ƙasar da aka saye shi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Idan wata 'yar'uwa ce za ta taho miki da shi, ki sa a kai mata da wuri, ta buɗe zif ta shimfiɗa tef a ciki kuna kallo ta bidiyo. In bai kai lambobinki ba, ta mayar tun yana can.

Da ya zo hannunki, gwajin farko babu wuta. Ki shimfiɗa shi a ƙasa bisa darduma ko tabarma mai kauri, ba a katifar soso ba, ba kuma kai-tsaye a kan ledar ɗaki ba. Ki shiga da kayanki, ki ja zif har sama. Yatsunki su iya motsi ba su danna ɗinki ba, bakin ya kai gindin wuya, hannu ya iya tasowa daga gefe zuwa ƙirji. Daga nan ki fito, ki kunna shi babu kowa a ciki na minti 20 taga a buɗe, warin sabuwar roba ya fita. Ki bi shi da tafin hannu daga sama har ƙasa, ki gano inda zafin ya fara da inda ya tsaya. Idan kin ji wani wuri guda ya fi ko'ina zafi sosai, ki cire filogi, kada ki shiga.

Zaman farko ki tsaya a digiri 45 zuwa 50, minti 15 zuwa 20. Ki sha ruwa kamar rabin lita kafin ki shiga, gora kuma tana kusa da kanki. Ki cire sarƙa da zobe da awarwaro da jigida. Kada ki shafa mai ko humra sai bayan kin fito kin yi wanka. Ki sa ƙaramin tawul ƙarƙashin kai don man kitso kada ya ɓata fatar bargon. Da kin ji jiri, ko tashin zuciya, ko bugun zuciya ya yi yawa, ki buɗe ki fito. Bayan kin gama ki zauna minti biyu kafin ki miƙe tsaye. Kuma ba a barci a ciki.

Idan ya ɗan gaje miki da 'yan santimita, akwai dabara. Ki sa ƙaramin tawul a naɗe ƙarƙashin gwiwa, lanƙwasar za ta janye ƙafa daga ɗinki, bayanki ma ya huta. Ko ki ba ƙafa haƙƙinta, ki rufe kafaɗa da babban tawul ki cusa bakinsa cikin wuyan bargon don zafi kada ya tsere. Abin da ba a yi shi ne tokare gindin da ƙarfi don a samu wuri, domin a hankali ɗinkin zai buɗe, wayoyin ciki su karye. In kuwa gajartar ta yi yawa, akwai sauna mai siffar rumfa da ake kwanciya a ƙarƙashinta, rabi biyu ce ɗaya yana shiga cikin ɗaya, ana ja a ƙara tsawo. Ta fi tsada, ta fi cin ɗaki, amma babu gindin da ƙafa za ta tokara.

Bayan kowane zama ki cire filogi, ki buɗe shi ya huce, ki goge cikin da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, ki bar shi ya bushe sarai. Ki naɗe shi sako-sako, ko ki bi layin ninkin da ya zo da shi, kada ki ɗora masa akwati. Fatar roba tana ɓarewa idan ta sha zafi da laima, don haka kada a ajiye shi a sito mai rufin kwano. Ƙarƙashin gado ya fi, cikin jakarsa, inda ɓera ba zai kai ga wayar ba.